Kafin Ka Sauke Inji, Ka Binciki Nozul

Ƙanena mai koyon gyaran mota, akwai maganar da ke saurin fita daga bakin 'yan gareji, kuma babu wadda ta fi ta girgiza aljihun mai mota: “Alhaji, injin nan ya buga.” Da an faɗe ta, zance ya koma na kuɗi. In a Kano ake sai a nufi Ƙofar Ruwa, in Kaduna ce Panteka, a yi cinikin inji ɗan Baljiyam, a ɗora, a karɓi kuɗin aiki, kowa ya kama gabansa. Tambayar da aka tsallake ita ce, me ya sa ya buga? Inji ba ya mutuwa don ya ga dama. Wani abu ne ya daɗe yana cin sa, kuma sau da yawa abin bai fi tsawon yatsanka ba.

Ga yadda ɓarnar ke maimaita kanta. Injin da ake sayowa a kasuwa wani lokaci tsirara yake zuwa, babu manifol babu nozul, don a haka ya fi araha. Sai a kwance na jikin tsohon a ɗaura wa sabon. In cikin nozul huɗun nan akwai ɗaya mai yoyo, to an ɗauko cutar da ta kashe na farko an sa wa na biyu. Bayan 'yan watanni mota ta dawo da ƙara irin ta da, mai ita rai a ɓace, ogan gareji ya ce ai mai kayan gyara ne ya sayar musu da mataccen inji. Ɗan kasuwa ya yi ta rantsuwa ba mai saurarensa, alhali wannan karon gaskiyarsa ce. Ba na so ka tashi da wannan aiki na shaci-faɗi.

Motocin da iyayen gidanka suka koyi sana'a a kansu, irin su Peugeot 504, kafireto gare su. Iskar da inji ke zuƙa ita ke jawo mai. Su Corolla da Camry da Accord da Sienna da 406 da suka cika titi yau ba haka suke ba. Famfon da ke cikin tanki yana turo fetur da ƙarfi zuwa wani bututu da nozul ke jere a jikinsa, kowace silinda da nata. Matsin yakan kai 40 zuwa 60 a ma'aunin psi, wanda mai faci ke auna taya da shi, wato ya ma fi iskar da ke cikin tayar motar. Cikin nozul akwai siririyar allura da sifirin ya danne a kan mazauninta. Birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota, ya aiko wuta, maganaɗisu ya ɗaga allurar na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, mai ya fita feshi, wuta ta ɗauke, allura ta koma ta toshe. Lissafin da birenbos ke bi shi ne iska 14.7 ga fetur 1 ta wajen nauyi, kuma duk lissafin ya dogara ne a kan cewa in ya ce a rufe, an rufe.

Riƙe wannan da kyau: ko an kashe mota, matsin nan ba ya tafiya nan take. Da gangan aka yi haka don ta tashi da wuri in an dawo. Saboda haka in ƙwayar yashi ɗaya ko ɓarɓashin tsatsa ya maƙale ƙarƙashin allura, ko mazaunin ya cinye don tsufa, fetur zai ci gaba da ɗiga ciki mota tana ajiye, mai ita yana can yana harkarsa. Littafin gyara na Toyota, a injunan su Corolla da Camry, bai yarda nozul ya wuce ɗigo ɗaya cikin minti 12 ba. Ka ga ke nan abin da ido ke rainawa, wanda ya ƙera motar bai raina shi ba.

Ina fetur ɗin yake zuwa? Yana gangarawa ta bakin bawul ya sauka kan fistin. Kai ka fi kowa sanin aikin fetur a kan maiƙo, tunda da shi kake wanke ƙarafa. Haka yake wanke ɗan baƙin man da ke shafe a bangon silinda, ringi ya koma gugar ƙarfe a bushe. Daga nan ya sulale ta gefen ringi ya faɗa kwanon baƙin mai na ƙasan inji. A lafiyayyen inji metal da kiranshaf ba sa taɓa juna. Wani siririn mai ne ke raba su, kaurinsa bai kai silin gashi ba, kuma shi ke ɗaukar nauyin kowane bugu na fistin. In fetur ya tsinka man, ba zai iya ɗaukar nauyin nan ba. Ƙarfe ya hau ƙarfe, metal ya cinye. Cikin gari motar na iya lallaɓawa wata da watanni a haka. Ranar da aka yi mata lodi aka ɗauki hanyar Kano zuwa Maiduguri cikin zafin watan Afrilu, ranar za a ji ƙwanƙwasa daga ƙasa, fitilar baƙin mai ta kama, a ce injin ya buga a hanya. A hanya ya ƙarasa dai, amma tun a gida ya fara.

Wannan kisan mummuƙe ke nan. Akwai kuma na farat ɗaya, kuma shi ne na fi so ka ji tsoro, don hannun bakanike kan shiga cikinsa.

Ɗauki Corolla mai inji 1.8. Kowace silinda tana ɗaukar wajen cc 450. In fistin ya hau ƙololuwa, filin da ya rage a samansa bai fi cc 50 ba, cokalin cin abinci uku da ɗan ɗori. Iska tana matsuwa ta shiga wannan ɗan fili. Fetur ba ya matsuwa, haka ruwa. In nozul ya maƙale a buɗe, duk kik ɗin da aka yi famfo na ƙara tuttulo mai cikin silinda ɗaya, har ya fi ƙarfin filin. Sai a murɗa makulli, inji ya yi rabin juyi ya tsaya cak. Nan take kowa ya zama malami: batir ne. A aro wani a haɗa. In motar mai kuloci ce, a kira samarin unguwa su tura, a sa giya biyu a saki ƙafa. Ƙarfin da aka tara gaba ɗaya kan sandar fistin yake sauka, wato kwanrod, ko dai ta lanƙwashe ko ta karye ta ɓula bulok. Motar da nozul ɗaya da canjin baƙin mai za su warkar ta koma neman sabon inji.

Don haka in kik ya tsaya cak alhali batir na da ƙarfi, ka cire hannunka daga makulli. Zare fis ɗin famfon mai, cire soket ɗin kwayil don kada tartsatsi ya tashi, kwance fulogi duka, ka yafa tsumma a kan ramukan. Sa sifana a kan fulin kiranshaf ka juya da hannu a hankali. Ramin da ya tofo fetur shi ya gaya maka silindar da abin yake. Kafin ka mayar da fulogi, duba ko an riga an yi ɓarna. A inji mai silinda huɗu, fistin na 1 da na 4 tare suke hawa, na 2 da na 3 tare. Zura dogon siririn ƙarfe mai tsabta ta ramin fulogi ka gwada tsayin abokan hawa biyu. In ɗaya ya gaza ɗan'uwansa, sandarsa ta lanƙwashe, kuma gara ka faɗa wa mai mota tun yanzu.

Amma yawancin motocin da za su zo hannunka ba su kai nan ba tukuna, da ƙafarsu za su shigo. Aikinka na farko saurare ne. Samari da yawa kafin mai mota ya rufe baki sun buɗe bonet. Bar shi ya gama. In ka ji ya ce, “Da safe kik ɗaya take tashi, amma in na tsaya sallar Azahar na fito sai ta yi ta ja, sai na taka totur,” to kunnenka ya tashi. Cikin minti ashirin ko talatin ɗin nan fetur ya ɗiga ya taru a inji mai zafi, ya yi wa iska yawa. In ta tashi sai ta yi rawa na ɗan lokaci, salansa ta fitar da baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur, sannan silo ya daidaita. Zai kuma yi maka kukan shan mai. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, ba direban da ba ya lissafin tankinsa, don haka in ya ce ta ƙara sha, ka yarda da shi.

Sai geji. Wani mai mota har alfahari yake yi, wai tasa ba ta shan baƙin mai, kullum ya zaro geji a cike, har ya ɗan haura alama. Baƙin mai ba ya haihuwa, ƙanena. In ya ƙaru, wani abu ne ya shiga. In ya yi fari-fari yana kumfa, ruwa ne, maganar gasket ce daban. In launinsa na nan amma ya tsinke, murza shi tsakanin yatsu biyu ka ji danƙonsa ya ragu, ka kai hanci. Ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda: lafiyayyen mai a hankali yake bazuwa, mai haɗe da fetur kuwa nan da nan yake yin faffaɗan da'ira.

In ka kwance fulogi kada ka zube su wuri ɗaya. Jera su yadda suka fito, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Uku masu ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, ɗaya baƙi ƙirin a jiƙe yana wari, wannan magana ce a fili. In kuwa duka huɗun sun yi baƙi, da wuya a ce nozul huɗu sun lalace rana ɗaya. Nemi abin da suka yi tarayya a kansa: regileta, ko sensar zafin ruwa, ko filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Ka kuma tambaya ko an taɓa cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, al'adar nan da ta zama ruwan dare a garejinmu da sunan maganin obahitin. Injin da ba ya kai zafinsa, birenbos ɗauka yake har yanzu safiya ce, ya yi ta ƙara masa mai.

Na san zamaninku na kwamfuta ne, kuma ban raina ta ba. Tun 1996 duk motar da aka yi don kasuwar Amurka tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka jona, ta ba ka P0172, ma'ana mai ya yi yawa, ko P0302, ma'ana silinda ta 2 na mis. To amma ba ta ce nozul ba. Nan ne ake asarar kuɗin mutane: a sayi sabuwar sensar salansa, a sayi kwayil, a sayi fulogi, a goge lambar, fitila ta mutu kwana biyu ta dawo. Sensar ba ta yi ƙarya ba, abin da ta shaƙa ta faɗa. In na'urarka na nuna gyaran da birenbos ke yi wa mai, duba shi. In ka ga yana rage sama da kashi 10 cikin 100 a silo, amma in an ba ta wuta abin ya ragu, to akwai man da ke shiga ba da izininsa ba.

Hukunci na gaskiya a wajen agogon matsin mai yake. Ban san dalilin da zai sa yaro ya sayi waya mai tsada ya ce ba shi da kuɗin wannan agogo ba. Haɗa shi a layin mai, tayar da mota, ka karanta. A waɗancan injunan Toyota ana son psi 44 zuwa 50, in an kashe kuma kada ya sauka ƙasa da 21 cikin minti 5. Kashe ta ka zauna ka zuba wa allurar agogo ido. In tana zubewa, ba ka gama ba, don masu iya sakin matsi uku ne: bawul ɗin cikin famfo, regileta, da nozul. Sake tara matsi, ka matse tiyon da ke zuwa daga tanki, ta yadda agogo zai kasance ta ɓangaren inji, in tiyon na roba ne. Na leda mai tauri ba a matse shi, fashewa yake. In allura ta tsaya, man tanki yake komawa, ka ƙyale nozul. In ta ci gaba da sauka, yoyon na wajen inji. A tsofaffin motoci masu regileta a jikin bututun nozul, matse tiyon da ke mayar da mai shi ma, sannan ka zare ɗan siririn tiyon iska da ke kan regileta. In ka ga fetur a ciki, fatarta ce ta yage, kuma alamunta da na nozul mai yoyo kusan ɗaya ne.

Abin da ya rage shi ne gani da ido. Ɗago bututun gaba ɗaya da nozul a jikinsa, ɗaure kowanne da waya don kada matsi ya harbo shi, shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa, ka sa famfo ya tara matsi ba tare da an yi kik ba. Goge bakunansu, ka jira. Nan ake gane mai haƙuri. Minti ɗaya, biyu, babu komai. Can sai ka ga bakin ɗaya ya fara sheƙi, ɗan ƙwallo ya taru yana girma, ya yi nauyi, ya faɗo kan kwali. Sauran ukun a bushe. Kira mai mota ya gani da idonsa, gani ya kori ji, ba sai ka yi rantsuwa ba.

In kuwa feshi yake yi ba ɗigo ba, zare soket ɗinsa kafin ka yanke masa hukunci. In ya daina, nozul ɗin lafiyarsa lau. Wuta kullum tana jiran sa in makulli na buɗe, birenbos ƙasa kawai yake ba shi. Wayar da ɓera ya ci, ko wadda wani riwaya ya naɗe da salatef ta goge ta taɓa bodi, za ta riƙe shi a buɗe, haka ma birenbos da ya ƙone ta ciki. Ka sa sabon nozul goma, haka za su yi. Awon mita kuma, wanda yawanci ke ba da 11 zuwa 16 a ma'aunin om, da ɗora sukudireba a kunne don jin ƙas-ƙas, lafiyar wutarsa kawai suke faɗa. Nozul na iya cin waɗannan jarrabawa biyu yana kuma yoyo.

Duk wannan aiki da ɗanyen fetur a fili ake yin sa, ga mai walda a maƙwabta, ga mai shayi da wutarsa, ga abokin da ya shigo da sigari a hannu. Bari inji ya huce. Ajiye abin kashe gobara da bokitin yashi kusa, don ruwa watsa wutar fetur yake yi. Kafin ka kwance layi, zare fis ɗin famfo ka bar mota ta mutu da kanta. Al'adar guntsar fetur a baki a fesa kuwa, don Allah ka bar ta ko da ogan ka na yi. Akwai sinadarin benzin a ciki mai jawo kansar jini, kuma in ya sarƙe ka ya faɗa huhu sai asibiti. Sannan wannan ɗaga bututun na motocin fetur na gama-gari ne. Sababbin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, da na dizal irin su Hilux da Hiace na zamani da matsinsu ke kai 1,600 ko fiye a ma'aunin bar, ba a gwada su haka. Feshin yana huda fata ya shiga nama. Waɗannan wajen masu injin gwaji ake kai su.

Me ke lalata nozul tun farko? Mafi yawa abin da aka zuba a tanki. A watan Fabrairun 2022 hukuma da kanta ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, aka yi ta janye shi daga gidajen mai, masu motoci suka yi ta kuka. Wannan ya yi suna ne don ya game ƙasa. Na kullum shi ne man 'yan bumburutu daga jarkar da ta sha ƙura, da tankin da ya yi tsatsa, da yawo kullum fitilar mai na kunne, da bakaniken da in filta ta toshe sai ya huda ta da ƙusa maimakon ya canza. In ka gyara nozul ba ka duba filta da cikin tanki ba, tsugune ba ta ƙare ba.

Wankewa na magani in datti ne ya maƙale. In mazaunin allura ya cinye, ko da me ka wanke ba zai toshe ba. Wankin gareji na haɗa shi da batir a fesa masa maganin kafireto yana buɗe toshiya, amma bai tabbatar maka zai riƙe matsi ba, kuma in ka daɗe riƙe da waya a kan batir kana iya ƙona shi. Bayan kowane wanki maimaita gwajin kwali. In canzawa za ka yi, bi lambar da ke jikinsa, don biyu na iya kama da juna sak amma yawan man da suke fesawa ya bambanta. Ɗan Baljiyam ma a gwada shi kafin a rufe aiki. Zoben roba na sama da na ƙasa sababbi za ka sa, ka ɗan shafa musu mai mai tsabta don kada su yage wajen turawa, don yoyon waje a kan inji mai zafi gobara ce. Tsohon kuma miƙa wa mai mota a leda, kada ya koma kwalin tarkace.

Inda za ku yi ja-in-ja da shi wajen baƙin mai ne. Zai ce, “Haba ɗan samari, satin jiya fa na yi sabis.” Ka ce, “Ranka ya daɗe, shanshana,” ka miƙa masa geji. Ba a tayar da motar nan da wannan mai, shi da filtarsa duka a zubar. Duba kuma abin nan na cikin salansa da kuke kira indomi, don ɗanyen fetur na ƙonewa a cikinsa har ya narkar da shi ya toshe hanya, mota ta rasa ƙarfi. In ya lalace ka faɗa wa mai shi, kayansa ne, kuma ka san yana da kuɗi a kasuwa. Daga nan auna matsin kowace silinda. In sun yi kusa da juna, babu ƙara daga ƙasa, fitilar baƙin mai na mutuwa da zarar ta tashi, babu dalilin sauke inji. In wadda fetur ya wanke ta gaza sauran da yawa, zuba mata ɗan mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In ya hau, ringi ne ya ci.

Ce masa ya yi mako guda cikin gari ya dawo. Ajiye motar a wuri mai daidai, zaro geji ka gwada da inda ka bar shi, ka shanshana. Bar ta rabin awa a rana bayan ta yi zafi, sannan ka murɗa makulli. In geji bai hau ba, babu wari, ta kuma tashi kik ɗaya ba tare da an taɓa totur ba, sannan ka ce masa yana iya hawa babbar hanya da ita.